Safa Ɗaya, Bahagwai Biyu

Brodek, Wisconsin
Lahadi, 22 ga Nuwamba, 1953

Zuwa ga ɗiyata Blanka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Warren da jikokina duka. Allah ya ba Warren sauƙin bayan nan nasa, ya raya miki yaran, ya sa su ji ƙanki yadda kika ji namu. Ni ma ina nan da sauƙi, gwargwadon sauƙin da tsoho ke samu. Tarin ya lafa tun da likita ya canja mini magani, sai dai ƙafafuwan da ba sa kai ni coci sai da sanda. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da sistocin makarantar coci suka miƙar da rula fiye da shekara sittin da suka wuce yanzu ya daina jin magana, ina kama layi daga sama sai in tarar ya gangaro ƙasa.

Dusar ƙanƙarar farko ta sauka makon jiya, ta rufe lambun mahaifiyarku kafin in gama cire kabejin. Yayanki Emil ya koma aikinsa na hunturu a masana'antar takarda. Matarsa Irena tana nan lafiya, ’yarsu kuma ta yar da haƙora biyu na gaba, amma hakan bai rage mata surutu ba. Abokina Alois mai aski har yanzu yana raye, har yanzu kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A watan Yuli kin rubuto kina roƙona in sayar da gidan nan in komo wurinku a Oregon. Kin ce kin gyara mini ɗakin da ke kallon lambu, kuma ba kya iya barci idan kika tuna ni kaɗai nake kwana nake tashi a gida mai bene. Na ce ki ba ni zuwa ƙarshen kakar wasan besbol. Kakar wasan ta ƙare tun farkon Satumba, ni kuwa na yi shiru, na san kuma shirun ya dame ki. Ba mantuwa ba ce. Wani abu ne ya faru ranar wasan ƙarshe, na ji tsoron in yi saurin kai miki albishir, don an ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Arba'in ɗin kam ba zan gani ba, amma na ga wata biyu da ɗoriya, shi ya sa zan faɗa miki komai.

Abin da ya riƙe ni a nan ba bango ba ne, ’yan'uwanki ne. Ke kin kama jirgin komawa washegarin jana'izar mahaifiyarku, saboda haka guntu-guntu kika ji labarin. Lokacin ƙaninki Karel yana wasan besbol, ƙwallon gorar nan, can kudu. Saƙonmu ya same shi da safe, manajansu kuma ya ce masa a ranar ne manyan ƙungiyoyi za su turo a dube shi. Ya tsaya ya buga wasan, sannan ya hau jirgi, ya iso an riga an rufe ta da kwana ɗaya. Emil ya tare shi a kan matakalar ƙofar gida, ya ce, "Nan ba masaukin baƙi ba ne. Koma can inda ƙwallo ta fi uwa." Karel ya ɗauki jakarsa ya juya. Magana zarar bunu ce. Shekara huɗu ya yi bai sake taka matakalar ba. Ni kuwa na ƙudurta a raina cewa muddin gidan yana nan, akwai ƙofar da su biyun suka sani. In na sayar, ina za su haɗu? Sai dai a bakin kabarina, shi ma in jirgi bai makara ba.

Manyan ƙungiyoyin ba su ɗauke shi ba. Ya yi ta gangarowa daga wannan ƙungiya zuwa waccan, har bana ya faɗo cikin ƙaramin rukuninmu, ’yan garin Port Varden suka ɗauke shi. Kin ga ikon Allah: Emil yana tsaron tasha ta farko, inda mai bugu ke fara rugawa in ya bugi ƙwallo, a ƙungiyar garinmu, Karel yana tsaron tasha ta farko a ƙungiyar abokan hamayyarmu. Duk zuwan da suka yi bana a gidan haya yake sauka. Kafin wasa yakan zo bakin wayar shingen fili inda nake zama, ya cire hula ya ce, "Baba, ya jiki?" In ce da sauƙi. Ya tambaya ko ina cin abinci, in ce ina ci. Iyakarta ke nan. Kin kuma san halin Emil a tashar nan, ba mai tsayawa kusa da shi bai sha tsokana ba. Da kunnena na ji ya ce wa wani ɗan wasa mai tumbi, "Sannu da isowa, ɗan'uwa, in aika a kawo maka kujera ne?" Amma in Karel ne ya bugi ƙwallo ya iso tashar, sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa kamar baƙi biyu masu jiran jirgi. Alois yakan zungure ni ya ce, "Matej, dubi ’ya'yanka, ko gumakan ƙofar coci sun fi su hira."

Kin tuna kina ƙarama kin taɓa tambayata me ya sa ’yan wasa ke jefar da safar hannunsu a kan ciyawa idan lokacin bugunsu ya zo, ba sa tsoron a sace? Na ce miki haka muka tashi muka gani: kowa ya bar tasa kusa da inda yake tsaro, in ya dawo ya ɗauka, abokin hamayya kuma ba ya taɓa ta, sai dai ɗan iskan da zai cusa maka kwaɗo ko ƙasa a ciki don a yi dariya. To bana Emil ya karya wannan al'ada. Duk ranar da ake wasa da ’yan Port Varden, kowa zai jefar da tasa, shi kaɗai zai danna tasa a hammata ya tafi da ita benci. Kin san safar, tsohuwar nan da ta yi baƙi don shan mai. Mahaifiyarku ce ta sake ɗinke masa ita da basilla a hunturunta na ƙarshe, tana zaune kusa da murhu tana jan igiyar fata da haƙori. Ko Irena ba ta isa ta sa hannu a ciki ba. Safa ce ta bahago, ga ta kuma irin babbar nan ta mai tsaron tasha ta farko, wadda ba a samu a kowane kanti. Su biyun daga wurinta suka gado hagun. Ita sistoci sun ɗaure mata hannun a baya har ta koyi rubutu da dama, shi ya sa ranar da aka sa Emil makaranta ta je da kanta ta ce duk wanda ya taɓa hagun ɗanta zai gamu da nata.

Wasan ƙarshe ya faɗo Litinin ta farkon Satumba, ranar hutun ma'aikata, da rana, a filinmu, kuma wanda ya ci shi ne zakaran rukuni. Alois ya zo ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa, yana cewa in yi sauri kada mutuwa ta riga shi ɗaukata. Ban taɓa ganin filin ya cika haka ba, har bayan igiya mutane suka zazzauna da kwandunan abinci. Muka sami wurinmu na kullum, dab da tasha ta farko. Na sayi gyaɗa ban iya ci ba. Wasa ya yi ta tafiya kunnen doki har zango na bakwai cikin zango tara da ake bugawa. Karel ya iso tashar sau ɗaya, suka yi tsayuwar gumakansu, na kawar da kai.

A ƙarshen zango na bakwai mu ne ke bugu, Karel yana tsaro. Namu ya bugi ƙwallo ta gangara ƙasa, mai tsaron tasha ta uku ya tsince ta ya wurgo da iyakar ƙarfinsa. Karel ya miƙa hannu daidai, amma sai muka ji tas, igiyar da ta haɗa babban yatsan safarsa da sauran ta tsinke, ƙwallon ta ratsa ta wuce har gindin wayarmu. Namu ɗaya ya shigo gida, muka wuce su da ci ɗaya. Fili ya ɗauki ihu. Alois ya miƙe yana kaɗa hula yana cewa, "Kai yaro, raga ce ka ɗauro ko rariya?" Sai ya tuna wanda ke zaune kusa da shi, ya koma ya zauna yana tari. Da zangon ya ƙare na hango Karel a bencinsu ya zare igiyar takalmi yana ƙoƙarin ɗaurewa, amma fatar ce ta yage, ba inda igiya za ta kama. A ƙungiyarsu kaf ba mai irin safar ta hagu. Na ga manajansu ya dafa wani ƙato da ke zaman jira yana nuna masa tashar, mutumin da kowa ya san ko kabewa aka jefa masa sai ta faɗi. Mutanenmu suka fara murna tun kafin a sa shi.

Emil yana tsaye a tashar, shi ma duk ya gani. Aka fitar da nasu uku, lokacin bugunmu ya zo, ’yan garinmu suka jefar da safofinsu suka nufi benci. Emil ya zare tasa ya kai ta hammata yadda ya saba, ya yi taku kaɗan, sai ya tsaya. Ya dawo da baya, ya sunkuya, ya ɗora safar a kan farin matashin tashar. Bai jefa ta ba, ajiye ta ya yi a hankali, bakinta yana kallon ƙasa yadda mahaifiyarku ta koya musu don kada ta cika da ƙura. Sannan ya wuce bai dubi kowa ba. Sai wani daga sama ya ƙwala, "Emil, ka haɗa masa da wandonka mana!" Manajanmu ya tare shi yana ɗaga hannuwa, daga baya na ji abin da Emil ya ce masa bai wuce, "Ni a fili na bar kayana kamar kowa, akwai dokar da ta hana?" Alƙali ya ɗaga kafaɗa. Karel ya fito daga benci a hankali, ya tsaya a kan safar yana kallonta. Ya ɗauka, ya juya ta, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya san hannun da ya yi shi. Ya daɗe kafin ya zura nasa, har sai da alƙalin ya ce masa, "Ɗan saurayi, rana fa ba jiranka take ba."

Haka suka ƙarasa wasan da safa ɗaya. Wannan ya ajiye a kan matashin, wancan ya zo ya ɗauka da ɗumin hannun ɗan'uwansa a ciki, ba wanda ya dubi wani. A zango na tara ’yan Port Varden suka ci biyu, suka wuce mu da ɗaya. Muka zo bugun ƙarshe: an fitar da namu biyu, muna da mutum a tasha ta uku yana jiran shigowa gida, mai riƙe da gora kuma Emil. Alois ya kama hannuna ya ce, "Matej, wa kake so?" Na ce ya rabu da ni. Emil ya buga, ƙwallon ta yi ƙasa da ƙarfi, mai tsaron tsakiya ya tare ta da ƙyar ya wurgo a karkace. Jifa ce marar kyau, ta daki ƙasa kafin ta iso. Da ƙaton nan ne a wurin, da namu ya shigo an yi kunnen doki, wataƙila ma da yanzu tutar zakara tana garinmu. Karel ya baje ƙafafu har ƙasa, ya kwashe ta daga cikin ƙura, Emil kuma saura rabin taku. Alƙali ya ɗaga hannu, alamar Emil ya fita. Shi ke nan, an cinye mu a gidanmu da safar ɗan gida.

’Yan Port Varden suka rufe Karel suna tsalle, suka tafi da shi, ban sake hango shi ba. Mutanenmu suka watse suna gunaguni. Alois bai yi mini magana ba har ya sauke ni, sai da na fita ya leƙo ya ce, "Ka gaya wa ɗanka, wata shida kada ya kawo mini kansa, don hannuna zai iya zamewa." Na zauna a barandar gida. Rana ta yi sanyi sai ga Emil ya biyo ta bayan layi, don bai so ya ratsa ta gaban mashaya. Ya zauna a kujerar da ke gefena ya ce, "Baba, don Allah kada ka ce komai." Can ya ce, "Ka ga ɓarawon banzan nan kuwa ya tafi da safata?" Na ce na gani. Muna zaune motar ’yan Port Varden ta wuce ta bakin titi, suna ta hon suna waƙa. Emil ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya ce to, ta tafi ke nan. Ban san ko safar yake nufi ba.

Ba a jima ba na hango mutum yana tahowa a ƙafa, jaka a hannu ɗaya. Idona ya yi rauni, amma tafiyar ɗana ba ta ɓace mini. Ya buɗe ƙyauren shinge, ya zo har gindin matakala ya tsaya, daidai inda ya tsaya shekara huɗu da suka wuce. Ya cire hula ya gaishe ni. Sannan ya miƙa safar ya ce, "Yaya, ga kayanka. Na gode." Emil bai tashi ba, bai kuma miƙa hannu ba. Ya dubi safar ya ce, "Haka aka koya maka? Ka ari abu, ka cika shi da ƙasa, ka cinye ni da shi, sannan ka miƙo mini a bushe? Sai ka shafa mata mai." Karel ya ce ba shi da mai a jaka. Emil ya kawar da kai wajen titi ya ce, "Man yana inda Mama take ajiye shi."

Kin san inda yake, a kan kantar da ke saman keken ɗinkinta, can cikin kicin. Karel ya dube ni, na dubi ƙasa. Na ji matakalar ta yi ƙara sau uku, ƙofa ta buɗe. Ya daɗe a ciki, ya fi ƙarfin neman kwalba ɗaya, don ban taɓa komai nata ba, har tabaraunta yana nan a kan keken. Mu ma ba mu kira shi ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya zauna a kan matakala da tsumma yana shafawa, Emil yana daga sama yana cewa ya yi yawa, ya rage, wa ya ce masa miya ake yi. Daga baya na ɗumama miyar kabejin da Irena ta kawo mini, na yanka burodi, muka ci mu uku. Ba a yi wata hira ba, sai dai Emil ya ce jifar nan ko makaho ya san ta karkace, sa'a ce kawai. Karel ya ce, "Sa'a ce, Yaya, amma da ka rage cin kolachi, burodin zaƙin nan na Irena, da ka riga ta isowa." Rabon da in ji dariyar Emil a gidan nan har na manta.

Kada ki ɗauka komai ya warware. Har yau ba su taɓa maganar jana'izar ba, ni ma ban matsa ba, don miki ba ya son yawan buɗewa. Amma Karel bai koma Port Varden ba. Yana ɗakinsu na da a sama, Emil ya yi masa hanya a masana'antar takarda, tare suke tafiya da safe, ina jin su suna musu tun daga shinge. Ranar tunawa da matattu na je kabarin mahaifiyarku na tarar an riga ni, an share, an kunna kyandir biyu. Ban tambaya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Safar kuwa tana nan a kan keken ɗinkin. Emil ya ce ya gama wasa, gwiwarsa ta gaji, Karel ya ɗauka. Karel ya ce shi ba ya karɓar sadaka daga wanda ya kayar. Sai dai duk Lahadi ina ganin wani ya shafa mata mai.

To ga amsata, ’yata. Ba zan sayar da gidan ba, ba kuma zan zo wannan hunturun ba. Ki daina kwana da tunanina. Yanzu akwai mai hura mini wuta da asuba, akwai takun mutum a saman kaina, ina kuma dafa abin mutum biyu, ko da yake yaron yana cin na uku. Ɗakin da kika gyara ki bar mini shi zuwa bazara. In Allah ya kai mu zan zo in ga lambun, Karel ya ce zai rako ni a jirgi. Abin da nake roƙo shi ne, in Warren zai sami hutu, ku zo mana Kirsimeti. Teburin mahaifiyarku na mutum da yawa ne, ina so in gan shi a cike sau ɗaya, da ku ukun.

Shekaranjiya Alois ya shigo da jarida, don ya huce tuni, har ya yi wa Emil aski bai yanke shi ba. Ya karanta mini cewa manyan wasan sun yi sabuwar doka: daga baɗi ba mai sake barin safarsa a fili, kowa sai ya tafi da tasa benci, wai kada wani ya yi tuntuɓe. Alois ya yi ta faɗa, yana cewa shekara hamsin yana kallon ƙwallo bai taɓa ganin wanda safa ta kayar ba. Na gode wa Allah da ya sa ba su tuna da yin dokar ba sai da bana ta wuce.

Ki gaishe mini da Warren da kyau, ki ce ina yi masa addu'a. Ki gaida Lorna da Denis da auta Pavel, ki kuma duba mini da wane hannu autan yake ɗaukar cokali, in hagu ne kada ki bari kowa ya taɓa shi. Emil da Irena suna gaishe ku, Alois ma haka. Karel ya ce zai rubuta miki da kansa, amma kin san alƙawarinsa da alƙalami. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai kewarki kullum,
Matej Sedlak